Giyar Baffa Tanimu

Duk wanda ya taso a garin nan, in aka ce ya rufe ido ya tuno Baffa Tanimu, na san abin da zai gani. Dogon tsoho ne siriri yana tafe a burtali, ya ɗaure ƙafar wando da roba, ga keke saɓe a kafaɗarsa. Kowa hawan keke yake yi, shi kuwa keke ne yake hawansa. Tayar ba ta fi kaurin babban yatsa ba, don kwalta aka yi ta, mu kuma daga ƙofar gida har bakin titin Bici rairayi ne zalla. Sai ya saɓe abinsa, ya ratsa gonaki yana gaisawa da mutane, gumi na zuba.

Na taɓa ce masa, "Baffa, wai tsakaninka da keken nan wa ya sayi wani?"

Ya ce, "Ni na saye shi. Bari mu kai kwalta, zai rama mini."

Kuma yana ramawa, wannan kam ba a musu. In Baffa ya hau titi ya sunkuya ya kama hannun nan, masu babur ma sai sun waiwayo.

Ni Nasiru, ɗan ƙanensa ne, malamin firamare, ga waɗanda suka zo daga nesa ba su san ni ba. Tunda an shafa addu'a kuma ba wanda ya tashi, bari in ba ku labarin da na daɗe ina riƙewa. Abu biyu Baffa ya sa a gaba a duniya, kiran sallah da keke. Shekara talatin da ɗoriya shi ne ladanin masallacinmu. Akwai kuma shekarar da keken ya kusa raba shi da kiran sallar, da hannuna dumu-dumu a ciki. Ga Alhaji Bala nan zaune, shugaban kwamitin masallaci, shi ya ce in faɗa kada in rage komai. Alhaji, in an zo wajenka kada ka ce za ka zaga.

Keken nan da rago aka same shi. Wani Bature ne da ke koyarwa a kwalejin Bici, tun ban shiga firamare ba, Baffa yana kai masa ƙwan zabi. Rannan ya ga keke jingine a baranda, hannun keken ya murɗe ya lanƙwaso ƙasa kamar ƙahon rago, sai ƙafarsa ta ƙi tafiya. Da ya ji Baturen zai koma ƙasarsu, washegari ya kwanto ragon layyarsa ya ja shi har Bici. Baturen ya ce to me zai yi da rago a jirgi? Baffa ya ce wannan kuma tsakaninsa da masu jirgi. A shekarar da naman maƙwabta aka yi sallah a gidan Baffa, kuma Inna Hansai, matarsa, har yau in aka ambaci keken sai ta fara ambatar ragon.

A tayar baya akwai haƙora hawa biyar, manya da ƙanana, sarƙa tana hawa tana sauka a kansu gwargwadon tudu ko gangara. Akwai 'yan kunnuwa biyu na ƙarfe a jikin sandar keken, wajen gwiwar mahayi, su ake ja da hannu. Sai wani ɗan ƙarfe mai gaɓa a baya, shi ke tura sarƙar daga wannan hawa zuwa wancan. Baffa ya raɗa masa suna Dillali, wai shi ne mai shiga tsakani. Sauran kuwa haƙora yake ce musu. Tun tasowata ban taɓa jin ya kira su da wani suna ba.

To, ƙarfe ma yana gajiya. Bayan shekara kusan arba'in haƙoran suka cinye, suka yi tsini, sarƙa ta daina kama su. Baffa ya saɓi keke muka tafi Bici wajen mai sayar da kayan keke. Shi ma sunansa Alhaji Bala, ku lura da wannan, ba Alhajinmu na kwamiti ba. Mutumin ya duba ya duba, ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam, irin wannan an daina yin su tun kafin in buɗe shago. Ka ajiye shi haka. Ga na gwanjo nan sun zo, ka zaɓi guda."

Baffa ya ce, "Alhaji, in haƙorinka ya faɗi, kai kake canzawa?"

Aka yi ta ja. Ƙarshe Baffa ya hango wata tayar baya ta keken zamani, siririya kamar tasa, mai haƙora hawa tara. Ya ce ita yake so. Aka gwada, ta ƙi shiga, ta fi tsakanin ƙafafun keken faɗi da kamar kaurin ɗan yatsa. Mai shago ya ce ai ya faɗa, tsohon ƙarfe da kayan yanzu ba sa haɗuwa. Baffa ya ɗaure tayar a bayansa ya ce, "Za su saba." Kun san kalmarsa ce. Ko sa da jaki ka ce masa sun ƙi jan garma tare, abin da zai ce ke nan.

Muna isa gida ya kwantar da keken a tsakar gida, ya leƙa madafa ya ga ba kowa, ya ɗauko taɓaryar Inna. Ya zura ta tsakanin ƙafafun keken na baya, ya ce in danne sirdi. Ya taka, ya auna da zare, ya sake takawa, ya sake aunawa. A taku na huɗu ƙarfe ya buɗe daidai yadda yake so, taɓarya kuma ta ce ƙaras ta tsage gida biyu. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallonmu, ni da furfura ta fara fito mini a gemu ina durƙushe a kan sirdi.

Ta ce, "Malam, taɓaryar nan da ita aka kawo ni gidan nan."

Ya ce, "Hansai, ai abin alfahari ne. A duk ƙasar Bici wace mace ce taɓaryarta ta lanƙwasa ƙarfen Turawa?"

Kwana uku fura ba ta ga Baffa ba. Amma taya ta shiga.

Da muka koma Bici, mai shago ya so ya haɗa masa da irin abin canjin nan na zamani, wanda ake dannawa a hannu yana ƙas, ƙas. Baffa ya danna sau biyu ya mayar masa. Ya ce wannan shi ke gaya wa mutum inda zai tsaya, shi kuwa kunnensa yake bi. Ya bar tsofaffin kunnuwansa na ƙarfe, ya sa sabon Dillali, ya ja waya. Kuma wallahi abin ya yi. Sai ya ja kunnen a hankali yana saurare, sarƙa ta haye ta zauna shiru. Mai shago da kansa ya hau ya zaga kasuwa ya dawo yana cewa bai taɓa ganin irin wannan ba. Ina faɗar haka ne don kada wani ya ɗauka Baffa shirme yake yi. Mutumin ya san ƙarfe.

Inda taurin kai ya fi sanin yawa shi ne wajen sarƙa. Sababbin haƙora a matse suke, siririyar sarƙa suke so. Tsohuwar kuwa mai kauri ce. Aka ce ya jefar, ya ce sarƙar da ta kai shi Kano ta dawo da shi ba sau ɗaya ba ba sau hamsin ba, ba zai yi mata butulci ba. Sai ya yanka tsohuwar biyu, ya yanka sabuwar biyu, ya haɗa rabi da rabi. In ɓangaren sabuwa ne a kan haƙora, keke yana tafiya sumul. Da tsohuwar ta zagayo sai ta zame, feda ta tafi a banza, Baffa ya bi ta.

Ya faɗi a gonar gyaɗar Liman. Ya faɗi a gaban teburin mai shayi, mutane cike. Ya faɗi a ƙofar makarantarmu ana tashin yara. Kuma kun san shi, ba zai taɓa bari a zagi keken a bainar jama'a ba. In aka ɗaga shi ana sannu, ana cewa keken nan fa ya tsufa, sai ya kakkaɓe riga ya ce, "Keke lafiyarsa lau. Ni ne kaina ya ɗan juya." Ya yi ta faɗar haka, mutane suna ajiyewa a ransu.

A faɗuwa ta huɗu goshinsa ya fashe. Inna tana ɗaure masa da tsumma ta rantse cewa in wani ƙarfe ya ƙara shigowa gidan, 'yan gwangwan za ta kira su kwashe har keken. Baffa ya san Inna ba ta rantsuwa a banza. Daga ranar ya koma yin harkarsa a ɓoye, har ni ya daina gaya wa.

Yanzu ga nawa laifin. A lokacin na saya masa 'yar ƙaramar waya mai madannai. Baffa ajami yake rubutawa, boko kuwa ɗan abin da ya tsinta ne a ajin yaƙi da jahilci, amma ya nace sai na koya masa tura saƙo, wai magana a waya Inna tana ji ko daga bayan katanga. Na koya masa. Na kuma sa masa lambobin mutane. Da na zo kan Alhaji Bala biyu, na kwamiti da mai kayan keke, sai na rubuta Alh Bala 1 da Alh Bala 2. Malamin makaranta guda, iyakar dabarata ke nan.

Ba a yi wata guda ba, ranar wata Laraba bayan sallar azahar, Liman ya riƙe Baffa a masallaci, ga Alhaji Bala da sauran 'yan kwamiti biyu kowa ya sunkuyar da kai. Ina daga waje ina sa takalmi, ina ji.

Liman ya ce, "Malam Tanimu, ka yi wa addini hidima. Mun ga ya kamata ka ɗan huta, a ba matasa su gwada."

Baffa ya ce, "Muryar ce?"

Liman ya ce, "A'a, hutu dai."

Baffa ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗago. Ya sa hannu a aljihu ya zaro mukullin akwatin lasifika, ya ajiye a gaban Liman, ya ce, "To." Mutumin da zai yi musu da kai a kan ranar da aka haife ka, ranar "to" kawai ya ce.

Aka sa wani matashi mai murya, ba laifi yana yi da kyau. Baffa ya koma sahun baya. In ana kira sai ka ga leɓensa yana motsi, yana bin kalmomin, hannunsa na ɗan ɗagowa wajen kunne sai ya tuna ya sauke. Ya jingine keken a zaure ya daina hawa. Wannan ne ya tsorata ni, don tun da nake ban taɓa ganin ƙura a sirdin nan ba.

A kwana na shida na kasa haƙuri. Na tafi zauren Alhaji Bala raina a ɓace, na ce a gaya mini abin da Baffana ya yi. Alhaji ya tashi ya tura ƙofa, ya zaro wayarsa, ya ce wallahi ya so ya mutu da maganar nan a cikinsa. Ya ce saƙo ne ya shigo masa daga lambar Baffa, ga alama wani aka nufa ya ɓato. Ya sassauta murya ya karanta mini:

"Salam Alhaji. Giyar nan ta iso daga Sabon Gari? Ka ajiye mini kada kowa ya gani. Ta Turawa nake so. Wadda ka ba ni kwanaki tana kayar da ni. Zan gauraya ta da tsohuwar da na ɓoye a rumbu. Kada Hansai ta ji."

Ya ajiye wayar, ya ce, "Ka ji fa, wai wadda na ba shi. Ni Bala? Ni da ko lemon kwalba sai na karanta jikinsa?"

Ku yi dariya, kuna da hakki. Yau kowa ya gane. Amma ni a ranar kunnena giyar kwalba ya ji daga bakin Alhaji, kuma daga nan ƙwaƙwalwata ta tsaya cak. Baffa bai taɓa cewa giya a gabana ba, haƙora yake cewa. Ina zan san kalmar mai shago ce ya ara don mai shago ya gane? Sai komai ya riƙa zuwa yana jeruwa da kansa. Faɗuwar nan huɗu. Kaina ne ya ɗan juya. Wani wari-wari da nake ji a rigarsa kwanan nan. Zuwansa Sabon Gari shi kaɗai ba ya neman rakiya. Na fito daga zauren, kuma zan faɗa a gabanku, na yarda. Mutumin da ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni, na yarda yana sha.

Kwana biyu abinci ba ya shiga. In na je gaishe shi sai in durƙusa kusa da shi fiye da kima, ina jan numfashi ta hanci ko zan ji wani abu. A karo na uku ya dube ni ya ce, "Nasiru, mura kake yi ne? Ka ja baya kada ka shafa mini."

A kwana na tara na ce gara in gani da idona. Da hantsi Inna ta tafi gidan suna, Baffa yana gona. Na jingina tsani a rumbu, na ɗage murfin, na dira ciki. Na ɗaga damin gero ɗaya, na ɗaga biyu, sai ga ta. Tukunya ce baƙa, an rufe bakinta da leda an ɗaure da tsumma tamau. Na girgiza ta na ji ruwa yana motsi.  Na zauna na yi ta innalillahi, ina tunanin yadda zan fitar da ita in zubar a bayan gari ba wanda ya gani, in rufa wa tsohon nan asiri ko da shi ke nan bai ƙara kiran sallah ba.

Na kwance tsumman. Warin kananzir ya buge ni har sai da na yi tari. Na zura hannu na ji ƙarfe. Na zaro, sai ga tsofaffin haƙoran nan hawa biyar, ga tsohon Dillali, ga ragowar rabin sarƙa, duk an jiƙa su a kananzir kada su yi tsatsa. Na riƙe haƙoran a hannu ina kallo, sai na ji muryar mai shagon Bici a kaina yana cewa, Malam, giyarka ta cinye.

Jama'a, ban san lokacin da na zube a kan gero ba. Dariya nake, hawaye na zuba, ina ta hamdala, hannuna baƙi ƙirin ina shafawa a fuska ban sani ba. Tun da nake ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan hantsin ba. Da na gama na tashi zan fita, sai na tuna tsanin yana waje.

Ina nan ina tsalle ina kama baki yana kuɓucewa, sai haske ya rufe. Fuskar Baffa ce a bakin rumbu.

Ya ce, "Malamin makaranta a cikin hatsina. Gero kake so ko dawa?"

Na ce, "Baffa, ka tsaya a nan, kada ka fitar da ni tukuna. Akwai magana."

Daga cikin rumbun na gaya masa komai, don ya fi mini sauƙi, ba na ganin idonsa sosai. Na faɗa masa saƙon, na faɗa masa Alh Bala 1 da Alh Bala 2, na faɗa masa abin da kwamiti suka ɗauka. Na ce ni ma na ɗauka. Ya janye fuskarsa daga bakin rumbu har na zaci ya sauka ya bar ni. Can sai na ji ya ce alhamdulillahi. Ya sake cewa alhamdulillahi. Ya faɗa har sau uku, da wata irin murya kamar wanda aka yi wa albishir. Sannan ya ce, "Miƙo tukunyar." Sai da tukunya ta fita lafiya sannan ya zuro mini tsani.

Bayan la'asar, kafin mutane su watse, Baffa ya iso ƙofar masallaci da tukunya a ka, ni ina biye. Ya sauke ta a gaban Liman da 'yan kwamiti, ya zauna, ya kwance tsumma a nutse.

Ya ce, "Ga giyar. Shekararta arba'in. Wa zai fara kurɓa?"

Ba wanda ya motsa. Ya zura hannu ya zaro haƙoran suna ɗigar kananzir, ya ajiye a kan tabarma. Ya zaro Dillali ya ajiye. Alhaji Bala ya dubi ƙarfe, ya dubi Baffa, ya zaro waya ya sake karanta saƙon a ransa, leɓensa na motsi. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Hularsa ya cire ya riƙe a hannu.

Baffa ya share ƙasa da tafin hannu, ya sa yatsa ya rubuta kalma biyu da ajami. Ya ce, "Liman, karanta wannan." Liman ya karanta ta kwalba, a gajarce. Ya ce, "Wannan fa?" Liman ya ja ta, giiya. Baffa ya ce, "Kun gani? Ta keke tana da ƙarin harafi, jan ta ake yi. Ko jariri ya san bambancinsu a baki. Bokon Nasiru ne ya tara halal da haram a harafi huɗu ya ce kowa ya zaɓa."

Liman ne ya fara, ya sa hannun riga ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Sai ƙofar masallaci ta kece da dariya. Alhaji Bala shi kaɗai bai yi ba. Ya durƙusa a gaban Baffa ya ce, "Malam, don Allah ka yafe mini, na zalunce ka."

Baffa ya ce, "Tashi, Alhaji. Ai ka yi ƙoƙari. Kwana goma sha kana riƙe da asirin mashayi ko matarka ba ta ji ba. In na fara sha da gaske, kai zan riƙa aikawa."

Alhaji ne daga baya ya je Bici da kansa ya sayo siririyar sarƙa sabuwa dal ya kawo masa, don ya san Baffa ba ya mayar da kyauta. Ya karɓa ya sa, faɗuwa ta ƙare. Sai dai ya cire gaɓa ɗaya ya maye da ta tsohuwar, shi ya sa har ƙarshe in ya wuce kuke jin wannan ɗan ƙit, ƙit. Inna kuwa da labari ya kai mata cewa ta yi gara ma giyar, ita aƙalla ba ta cin taɓarya.

Amma in koma ranar. Ana nan ana ta maimaita saƙon ana dariya har rana ta yi ja. Liman ya duba sama, ya sa hannu a aljihu ya zaro mukullin nan ya miƙa wa Baffa, ya ce, "Malam Tanimu, lokaci ya yi." Baffa ya tashi ya wanke hannu da toka da sabulu har sau uku, ya yi alwala, ya shiga. Da ya ɗaga murya, kabbarar farko ta ɗan karye a tsakiya. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya sake ɗauka, ta fita tar har gonakin bayan gari. Mata a cikin gidaje suka ce sun ajiye abin da suke yi sun saurara.

Bayan an idar muka kamo hanyar gida, ni na ɗauko tukunyar. Na ce, "Baffa, su kwamiti ba jininka ba ne. Ni ne ban da hujja. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe tun kana cikin gero."

Na ce, "To wai me ya sa ka yi ta hamdala? An ce kana shan giya, kai kuma kana godiya."

Ya yi 'yan taku. Sannan ya ce, "Nasiru, kwana taran nan na ɗauka muryata ce ta mutu kuke jin kunyar gaya mini. Kullum in na je gona sai in shige tsakiyar dawa, inda ba mai ji, in gwada ta. In ji kamar tana nan, in ce to ai mai ita ba ya ji. Ashe giya kawai aka ce ina sha. Wannan ai mai sauƙi ce, tukunya ɗaya ta wanke ni. Da tsufa ne, me zan ɗauka in kai ƙofar masallaci?"

 Na gode Allah da tukunyar take kaina, bai ga fuskata ba.

Shekara shida ya ƙara yana kira bayan wannan, ba wanda ya sake yi masa maganar hutu, ko da muryar ta sirance har sai an ƙara wa lasifika ƙarfi. Ranar da zai tafi shi ya kira azahar. Ya koma gida ya ce wa Inna zai ɗan kishingiɗa. Da la'asar ta yi muna zaune a ƙofar masallaci, lokaci ya shiga har ya ɗan gota, ba wanda ya tashi, kowa yana jiran ya ji shi.

Allah Ya jiƙan Baffa Tanimu, Ya yafe masa, Ya yafe mana zaton da muka yi masa. Yadda ya shafe rayuwarsa yana kiranmu zuwa ga alheri, Allah Ya sa a kira shi da sunansa mafi daɗi ranar da za a kira kowa. Allah Ya ba Inna Hansai haƙuri. Amin.